Rundunar Yawon Sallah a Matamai

Mutanen Yamai, idan Sallah ta zo, suna da gidan tarihi na Boubou Hama, su kwashi yara su kai su kallon zaki da dorina. Kanawa suna da gidan zu na Audu Baƙo. Mu a Matamai ba mu da ko ɗaya, kuma ba mu taɓa jin mun yi rashi ba, don abin kallonmu da ƙafa biyu yake yawo, cikin sabuwar shadda. Yawonmu gaishe-gaishe ne: daga Idi a wuce gidan kakanni, daga nan gidan goggo da na kawu, mai hali ya ɗebi iyali zuwa Kance gaida dangi, ko ya yi ta maza ya bi ta Takeita zuwa Damagaram kallon hawan Sarki. Duk inda ka dosa da ƙananan yara, ga waɗanda za ka taras, kowa a bakin aikinsa.

Tun daga gida akwai Mai Mayafi Kawai. "Na gama, mayafi kawai zan ɗauka." Kada ka tada babur. Cikin wannan mayafin akwai wankan yara uku, da neman ɗan kunnen da ya shige ƙarƙashin gado, da shafa kwalli, da shari'ar wa zai riƙe jaka. Abokin aikinta Sarkin Fitsari ne, ɗan shekara uku, wanda aka yi ta tambaya yana rantsuwa ba ya ji. Jira yake a ɗaure tazuge, a sa takalmi, a kulle ƙofa, a hau, a kai bakin kwalta. Nan zai ɗago kai cikin natsuwa ya yi sanarwa.

Amma waɗannan share fage ne. Shugabar rundunar ita ce Goggo Likita, kuma babu dangin da Allah ya hana wa irinta. Ba ta taɓa zaman aji ba, ba ta taɓa sa farar riga ba, amma ba a yi ciwon da ya fi ƙarfin saninta ba tukuna. Ba a gama amsa sallama ba ta miƙo hannu: "Kwanto mini shi nan." Ta taɓa maɗiga, ta gwale ido, ta leƙa baki, ta ƙwanƙwasa ciki tana saurare. Sai ta yi shiru, ta girgiza kai. Wannan shirun ya fi kowace magana tsinka zuciyar uwa.

"Yaron nan ya rame."

"Goggo, shekaranjiya aka auna shi a likita, sun ce ya ƙaru."

"To kumburi ne."

In an jibga masa kaya, dafa shi kuke so ku yi. In an rage, sanyi ya riga ya gama da ƙirjinsa. In yana kuka, nonon bai ishe shi ba. In ya yi shiru, shirun nan bai kwanta mata ba. A littafin Goggo cututtukan duniya uku ne: haƙori, da shawara, da bakin mutane, kuma haƙori ne babbansu. Zawo haƙori ne. Zazzaɓi haƙori ne. Yaro ya faɗo daga kan turmi ya fasa goshi, ta duba ta ce ai dama haƙori ke sa jiri. Sai ranar da ɗan shekara bakwai ya zo mata da giɓin famfara ne maganarta ke faɗawa daidai, kuma a ranar sai unguwa ta ji cewa ta faɗa tun bara.

Jakarta kuwa farmasi ce sukutum: ƙullin sabara, tazargade, man zafi, da wasu ƙwayoyi sayen kasuwar Juma'a waɗanda rana ta cinye rubutun jikinsu. Ka kuskura ka ce "amma Goggo", sai ta zaro takardun shaidarta. Goyo goma sha ɗaya ta yi, biyu a shekarar El-Buhari, wato yunwar 1984, lokacin da hatsi ya gagari mai kuɗi balle talaka. Cikin waɗanda suka hau bayan nan har da kai, sa'ad da innarka ke jegon ƙanenka, kuma yanzun nan za ta ba matarka da 'ya'yanka labarin abin da ka yi wa zanenta na Sallah.

Da damina, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro suka biyo gida-gida, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 tsakanin Yuli da Oktoba, sai ta fara wanke su tas: yaran jiya, ita ta yanke wa wasunsu cibi. Ta gama, ta jero jikoki, ta toshe wa kowa hanci ya haɗiye nasa. Damina ta wuce lafiya, ta ce aikin sabara ne. Abu ɗaya ne ba a sakar mata: ranar da ta ce a kira wanzami ya cire belu, ranar ce ake tunawa ana jiranmu a wani gidan. Amma a yi mata adalci. Daren da jikin yaro ya yi zafi da gaske, ita ce ke fara cewa a tashi a tafi likita, ita ke kwana kan tabarma a bakin gado, tana koya wa ma'aikatan aikinsu har asuba.

Kaka kuwa ba ta duba kowa, ciyarwa ce sana'arta. "Lale da mijina! Ina cefanen? Wannan kishiyar tawa kuma wa ya gayyato ta?" Kafin ka zauna an ɗura wa mijin solani, an bi da awara mai yaji, da alkakin Damagaram, da gaɓar rake, da soyayyen naman layya. Ka ce, "Inna, ya ishe shi haka." Ta ce, "Cikinka ne?" Wannan fa ita ce matar da ta taɓa bin ka da muciya a kan ƙwayar sukari ɗaya. Sakamakon walimar yana fitowa tsakar dare, a ɗakinku, ita tana can tana barcinta.

Sai Kawu Mai Naira. Kasuwancinsa tsallake ne, kowace Lahadi yana bi ta Ɗan Barto zuwa Mai'aduwa, don haka barka da Sallarsa da Naira yake bayarwa, sababbi fil, masu ƙara. Yakan jera yara, ya lashi yatsa, ya zaro a hankali yadda kowa zai gani. A zamanin da Naira take Naira, wannan abin alfahari ne. Amma tun faɗuwar da ta yi a 2023, takardar ɗari ba ta kai dala goma ta Sefa ba, kuma Kawu ya manta cewa yaron bakin iyaka kafin ya iya ɗaura tazuge ya iya canji. Ɗan shekara shida zai karɓa hannu biyu, ya durƙusa, ya yi godiya, ya juya baya ya ce wa ƙanwarsa, "Ko solani ɗaya ba ta saye."

Naira ko Sefa, makomarsu ɗaya: Bankin Inna. "Kawo in ajiye maka, kada ka yar. In sun taru in saya maka akuya." Babu garken da ya kai na akuyoyin nan yawa a duk ƙasar Kance, kuma babu wanda ya taɓa jin kukan ɗaya. Ni tawa, bisa lissafin da aka ba ni, ta haihu sau da dama kafin ta rasu ba tare da mun gana ba.

A zauren gaba akwai masu jarrabawa su biyu. Mushe, tsohon malamin lakwal da ya yi ritaya amma bai ajiye alli ba, yana tare yaro da Faransanci: sunanka, ajinka, na nawa ka zo, bakwai sau takwas. An ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, amma sanarwar ba ta iso zauren Mushe ba. Yaro ya kuɓuta daga hannunsa, sai Malam ya cafke: "Ina ka kai a allo? Biya mini." Yaron da ya yini yana rera waƙar tallar omo ba tuntuɓe, yanzu ko sunan ubansa ya ɓace masa. Su biyun sai su dube ka, ba shi ba.

Gara ma wanda ya yi shiru a kan Ɗan Gaskiya. Shi wannan ba ya mantuwa, kuma ba ya rage murya. "Baba, wannan ne ka ce in ya fara surutu sai Magariba?" Ko ya leƙa kwanon da aka kawo ya ce, "Inna, irin miyar da kika ce ba a iya ba ce?" A nan ake gane amfanin tari.

Mai Hoto ƙanwar matarka ce. Ta tsayar da kowa cikin rana, wannan ya matsa, wancan ya daina kuka, a sake, Auta ya rufe ido. Da yamma hoton ya hau WhatsApp: ita ta fito tas, ku kuwa rabin kunnenka ne shaidar ka je.

Duk waɗannan ina yi musu dariya ne, kuma badi ma da ƙafata zan kai musu yarana. Akwai guda da ba na yi wa dariya: uban da ke miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu makullin babur ranar Sallah, wai ya ɗan zaga. Shi da samarin da ke ɗage ƙafar gaba, suna sakin hannu, suna tsere a kan kwalta, jirgi ɗaya ya kwaso su. Hanyar nan da ta ratsa gari ba filin wasa ba ce, ita manyan motoci ke bi tsakanin Damagaram da iyaka. Kuma a wace rana? Ranar da kowane lungu ke fitar da yara ayari-ayari, 'yar shekara takwas tana jan 'yar shekara huɗu, ita kuma tana jan mai tatata, cikin sabon takalmin da bai saba da ƙafa ba, ido na kan mai balan-balan a tsallaken titi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, ya goyo ƙannensa uku, me zai yi in ɗaya daga cikin waɗannan ta ɓullo masa? In abin ya faru a taru a ce ƙaddara ce, a hana uwa kuka, a ce a yafe don zumunci. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta zaro makulli daga aljihu ba. Wanda ya ga haka a ƙofar gidansa ya yi shiru don kada a ce ya cika sa ido, shi ma da nasa kason. Ka tsayar da yaron, ka karɓe makullin, ka kai wa ubansa har zaure. In ya yi fushi, ya huce bayan Sallah.

To, a sha ruwa, saura mutum ɗaya, kuma shi a yi masa sassauci don bawan Allah ne mai yawan uzuri. Shi ne Maigida Ku-Yi-Gaba. Da shi aka tsara fitar, shi ya fi kowa faɗan an makara. Ana kaiwa gida na biyu sai ya tuna akwai wanda ya wajaba ya gaisar. "Ku yi gaba, yanzu zan same ku." Wanda ya wajaban nan yana zaune a fada ƙarƙashin dalbejiya, an ɗora shayi, kuma kowa ya san tashi kafin na uku rashin ladabi ne. A can zai yi bayani mai gamsarwa a kan tarbiyya, da yadda iyayen zamani suka sakar wa mata ragamar yara. Ya iso gida bayan Isha, ya taras an yi wa kowa wanka, an gano takalmin da ya ɓata, an shafa wa mai ciwon ciki man zafi. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Kai, fita da yara akwai gajiya."

Irin wannan mutum yakan kasance mai lura ƙwarai. Daga inda yake zaune yana ganin aibin kowa, har wani lokaci ya ɗauki biro ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya aika wa mujalla. Matarsa ba ta hana shi. Takan dai leƙo ta ce, "Malam, in an gama gyaran duniya, ga Auta nan ya farka, kuma kai yake kira."