Baƙin da Ke Zuwa Taimakon Ƙauye: Kowa da Irinsa

Kafanchan ta daɗe da sanin baƙo. Tun da layin dogo ya mayar da ita mahaɗa a shekarun 1920 take karɓar ma'aikatan jirgi daga kudu da arewa, ga 'yan mishan da suka kafa sansani a Kwoi da Kagoro, ga 'yan bautar ƙasa tun daga 1973. Na baya-bayan nan su ne 'yan sa-kai da ɗalibai masu neman ƙwarewa daga ƙasashen waje, waɗanda ke zuwa zaman wata uku ko shekara guda a ƙungiyoyin raya karkara. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, wadda aka kafa a 1996 tana bai wa mata ƙaramin rance tana koya wa matasa kwamfuta, ta karɓi irinsu da yawa, har da na ƙungiyar VSO ta Ingila. Kowannensu kan iso da takardun shaida cike da jaka. Mutanen gari ba sa karanta takardun. Mako guda ya ishe su gane irin wanda aka kawo musu.

Mai Agogo

Shi ne wanda ke kiran taron mata da ƙarfe tara na safe a tsakiyar damina, ya jera kujeru tun takwas da rabi, ya zauna yana kallon wuyan hannunsa. Matan suna gona. In ya mayar da taron Alhamis, an tafi kasuwa. In ya mayar Asabar, akwai jana'iza a Zonkwa, kuma jana'izar Kudancin Kaduna ba ta awa guda ba ce. Wajen sha ɗaya mace ta farko za ta iso, ta durƙusa ta ce, "Sannu da aiki, ɗana, ka daɗe?" Ya buɗe baki zai faɗi adadin mintocin, sai ta ɗora da tambayar lafiyar iyayensa da ke Jamus ɗaya bayan ɗaya. A wata na biyu zai gano cewa matan nan ba su taɓa makara a taron zumunta na coci ko ranar zubin adashi ba. Daga nan yake fara zargin cewa matsalar ba a agogo take ba, a taronsa take.

Mai Akwatin Magani

Akwatinta biyu: ɗaya na tufafi, ɗaya na rigakafi. Akwai ƙwayar tsarkake ruwa, man korar sauro, man kare fata daga rana, da wani ruwa mai sanyi da take goga wa hannu bayan kowace gaisuwa, tana zaton ba a gani. In aka miƙo mata faten acca sai ta duba ganyen ciki ɗaya-ɗaya, ta tambayi sunansa. Kunu kuwa sai ta ji tarihin ruwan da aka dama shi. A yi mata adalci: zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne, gidan sauronta ma ya fi na kowa hikima. Abin dariyar shi ne ƙarshenta. Bayan wata biyu ita ce za ka tarar da magariba a gaban mai tsire, tana cewa a ƙara yaji, ta kora da nonon da Bafulatana ta zuba mata daga ƙwarya ba tare da tambaya ko ɗaya ba.

Mai Gyara Duniya Kafin Kirsimeti

Wannan tun a jirgin sama ya gama rubuta maganin talaucin yankin. Washegarin isowarsa yake neman allo da alli. Zai koya wa matan da suka gaji adashi daga kakanninsu yadda ake tara kuɗi. Zai koya wa manoman Kachia da Jaba noman citta, mutanen da cittarsu ke fita kasuwannin duniya tun zamanin Turawa, shi kuwa a garin shayi kawai ya san ta. Dattawa kan saurare shi da ladabi, su ce, "Gaskiya ne, Bature, Allah ya yi albarka," shi kuma ya rubuta cewa al'umma ta amince da shirin. Da ya yi haƙuri ya tambaya, da an gaya masa abin da ke hana su barci: tsadar taki, hanyar da mota ba ta shiga da damina, dillalin da ke yanka farashi, fargabar zuwa gona mai nisa, da cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 har iri ya gagara. Amma tambaya takan ci lokaci, shi kuma tikitin komawarsa na watan Disamba ne.

Mai Kyamara

Ba ta taɓa ganin abu da idonta kai tsaye ba, sai ta bayan waya. Akuya a kan acaɓa, hoto. Tsohuwa ɗauke da itace a kafaɗa, hoto. Yaran da ke binta suna "Baturiya, Baturiya", hoto goma. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ɗaliban da ke haɗa kwamfuta ba sa shiga wayar, don ba su yi kama da Afirkan da aka yi wa 'yan gida alkawari ba. Irin nan yana da kaka. A 1961 wata 'yar sa-kan Amurka a Ibadan ta rubuta wa saurayinta kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta gani, katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, aka yi zanga-zanga, ta bar ƙasar. Jikokinta sun fi ta kasada, domin mutumin da suka ɗauka hoto yana Facebook, kuma ya iya Turanci.

Ya Fi 'Yan Gari

Mako uku da zuwa ya ɗinka riga da atamfa, ya karɓi sunan Kagoro, yana amsa shi da ƙarfi ko da wani ake kira. Ya hau dutsen Kagoro, ya yi wanka a Matsirga, ya ziyarci Nok ya dawo yana ba 'yan Ham labarin gumakan yumɓunsu. Ranar 1 ga Janairu, a bikin Afan, sai an riƙe shi kada ya shiga sahun mafarauta. Tuwo da hannu yake ci, miya na bin gwiwar hannunsa, ya ƙi cokalin da mai gida kansa ke amfani da shi. Ya zauna majalisar burkutu sau ɗaya, ya kwana biyu bai zo ofis ba. Ana son sa, domin mai ƙoƙari ba a rena shi. Sai dai ran da aka kira gayyar noma, bayan kunya biyu ya tuna yana da rahoton da ake jira.

Baƙon da Ba Bature Ba

An sanar cewa ƙwararre na zuwa daga waje. Aka share tsakar gida, yara suka jeru bakin hanya. Da motar ta tsaya sai ga ɗan Kenya baƙi wuluk ya fito, yaran suka leƙa bayansa suna neman baƙon. Wannan wahalarsa daban ce: kowa na yi masa Hausa, in bai amsa ba a ce girman kai. 'Yan'uwansa su ne ɗan bautar ƙasa ɗan Legas da ya fi kowane Bature kukan rashin wuta, da Bakanon da ya zo bautar ƙasa ya ɗora wa kansa aikin gyara wa mutane Hausarsu. Bakanon bai lura ba cewa tsohuwar da yake yi wa gyara tana jin Jju da Tyap da Turanci, Hausar ta huɗu ce, kuma da ita take cin nasa ciniki a kasuwa.

Mai Zama

Shi ne mafi ƙaranci, kuma a watan farko ana ɗaukarsa malalaci. Yana gaisuwa har ƙarshenta. Yana zuwa ta'aziyya ya zauna, ko bai san mamacin ba. Yana kiran mai dafa abincin ofis Mama, don ya gane ita ce ta san wanda zai biya bashi da wanda ba zai biya ba. In injin wuta ya lalace ba ya gyarawa shi kaɗai, sai ya kira yaro ya riƙa masa sukundireba, gobe yaron ya riƙe ya gyara. Abu ɗaya ko biyu yake yi, kuma bayan tafiyarsa suna ci gaba da aiki.

Ranar sallama duk ɗaya suke. A yanka kaza, matan zumunta su yi waƙa, a ba da kyautar atamfa da ƙullin citta, Mai Agogo ma ya yi hawaye ba tare da duba lokaci ba. Kowa ya koma gida ya rubuta rahoto mai shafi arba'in kan yadda ya ƙarfafa al'ummar karkara. Al'ummar ma tana da nata rahoton, sai dai ba ta rubutawa: mun karɓo shi bai iya wanka da bokiti ba, bai iya hawan acaɓa ba, bai san ana gaida na gaba kafin a tambayi hanya ba. Mun ciyar da shi, mun yi jinyarsa, mun mayar da shi ga uwarsa da ƙiba da ladabi. Shirin ya yi nasara, a turo wani.