Ba Sammu Ba Ne, Alhaji, Wuta Ce

Ga su can suna murmushi, masu cewa duk motar da ke kashe kanta a danja ko ta lalace ko an yi mata sammu. Ku kwantar da hankalinku, haka aka ƙera ta don tsimin mai: ka taka birki ta yi tsit, ka ɗaga ƙafa ta tashi. Abin damuwa shi ne ranar da ta daina kashe kanta, ko ta tashi amma rediyo ya ɗauke, fitilu suka dushe.

"Ai kik ne," in ji gwani na bakin shayi. A'a, ranka ya daɗe. Kik dai yana zuƙar wuta sosai, sai wutar motar ta faɗi na ɗan ƙiftawar ido. Shi ya sa aka yi mata mataimaki: Mercedes da yawa suna da ƙaramin batir na biyu, wasu Peugeot masu dizal suna da kafasita, wasu kuma 'yar na'ura mai daidaita wuta. In wutar ta yi rauni, kwamfutar motar sai ta hana injin mutuwa.

Ka ce ai sabon batir ka saka? Wane iri? Mota ta iso daga Kwatano da batir irin AGM ko EFB, kai kuma ka ɗauko mata na ruwa mai sauƙin kuɗi. Araha ba ta ado! In BMW ce ma, sai an sanar da kwamfutarta cewa an yi canji, in ba haka ba cajin tsohon za ta riƙa yi wa sabon.

Leƙa kan batir na nagatif. Ka ga wani ɗan abu mai siririyar waya? Shi ke auna abin da ya shiga da abin da ya fita. In yaron mai wayarin ya cire shi don ya tsone masa ido, to ga sammun naku nan.

A ɗora mita a kan batir bayan mota ta kwana: volt 12.6 ya cika, 12.2 kuwa saura kamar rabi. A tayar, in wutar ta faɗi ƙasa da 10 a tuhumi batir, amma a fara kankare farin garin da ya taru a kansa, a duba wayar da ta kama jikin mota.

Wanda kuma har yanzu ya nace sammu ne, ya sayar mini da ita a farashin mai sammu, yau zan biya.