Yadda Za Ka Sa Tsohuwar Motarka Ta Rera Waƙa Ba Tare Da Ta Kwana A Hanya Ba

Kafin ka kashe ko sisi, shiga motar, ɗaga gilasai, kashe rediyo, ka tuƙa ta kan titi mai gargada na minti goma kana saurare. Za ka tarar motarka ta daɗe da kafa nata rukunin makaɗa. Ƙofar baya tana kiɗan ƙwarya, salansa yana amshi, akwatin dashbod yana kaɗa caki, sifana da jak kuwa suna can cikin but suna dambe. Duk sifikar da za ka sayo da waɗannan za ta yi kishi, kuma su ne uwayen gida. Saboda haka aikin farko na mai neman sauti mai daɗi ɗaure noti ne. A ƙulle abin da ya kwance, a cusa soso inda roba ke gugar ƙarfe, a naɗe jak da tsumma. Na sha ganin motar da aka yi wa wannan kaɗai, mai ita ya dawo yana rantsuwa an canja masa rediyo.

Ina ƙaunar tsofaffin motoci, kuma ba na ɓoyewa. Fijo 504 da kamfanin Kaduna ya yi ta harhaɗawa tun bayan buɗe shi a 1975 ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi, ta kai buhunan masara kasuwa. Golf 3 da ta fito a 1991 har yau ita ke ɗauke da fasinjan garuruwa da yawa a Arewa. Motar da ta yi irin wannan bauta ta cancanci a ji muryarta garau. Abin da ba ta cancanta ba shi ne a ɗora mata kayan gidan biki a wuya.

To, a buɗe ƙofa a ga abin da ke ciki. Idan mai wayarin ya cire bangon ƙofar, ka tsaya kusa, domin abin kallo ne. Sifikar da ta zo da motar takarda ce da zoben soso a gefenta. Zafin watan Afrilu ya gasa ta shekara talatin, ƙurar hunturu ta shige ta, ruwan damina ya bi gilashi ya jiƙa ta. Da ka taɓa zoben sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Wannan ne dalilin da ya sa kowane mawaƙi a motarka yake yin waƙa kamar mura ta kama shi. Wani lokacin ma ba za ka samu sifikar ba sam, sai rami da wayoyi biyu suna lilo, wani mai motar na baya ya riga ya yi gaba da ita tun a Kwatano.

Auna ramin. Yawancin ƙofofin gaba inci 6.5 suke ɗauka ko ƙasa da haka, bayan kujera kuma sau da yawa mai siffar ƙwai ce, 6 sau 9. Auna zurfin ma, don idan maganaɗisun sabuwar ya yi tsawo, gilashi zai sauko ya tsaya a kansa, ka zama mai mota da waƙa amma ba iska. Ka riƙe tsohuwar a leda ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna. Tsohuwar sifika a hannu ta fi dogon bayani.

A kasuwa ne za a gwada imaninka. Mai shago zai sauko da kwali mai ƙyalli, an zana walƙiya a jiki, an rubuta wat 2000 da manyan lambobi, ya ce, "Alhaji, wannan idan ka kunna ta a Bata, sai an ji a Ɗawanau." Ka yi murmushi, ka juya kwalin, ka nemi ƙananan haruffa uku: RMS. Wannan lambar ita ce ƙarfin da sifika ke iya ɗauka tana aiki yini guda. Babbar lambar gaban kwali kuwa ƙarfin da za ta iya jurewa ne na ƙiftawar ido kafin ta ce ga garinku nan. Bambancinsu kamar na mutumin da ke iya ɗaga buhun siminti sau ɗaya ne da ɗan dako da ke yini yana sauke tirela. Idan ka duba ko'ina ba ka ga RMS ba, mayar masa da kwalinsa cikin mutunci. Haka rediyon kansa: wanda aka rubuta wa 50 sau 4, gaskiyar abin da yake bayarwa bai cika wuce wat 20 ga kowace sifika ba. Kuma wat 20 na gaskiya ya ishi ƙofa ta yi magana.

Ga wani sirri da zai rage maka kashe kuɗi. Idan ka ninka ƙarfin wat sau biyu, ƙarar da za ta ƙaru desibel 3 ce kawai, abin da kunne zai ji ya ce an ɗan ƙara. Kafin kunne ya yarda cewa ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Saboda haka maƙwabcinka mai wat 400 bai fi mai wat 200 da komai ba sai yawan zuwa wurin mai cajin batir. Duba kuma a rubuce om 4, domin shi ne abin da rediyon mota ya saba da shi. Sunayen Pioneer, Kenwood, Sony da JBL sanannu ne, kuma saboda sanannu ne jabunsu ya yi yawa. Karanta sunan harafi-harafi. Ɗaga ta ka ji nauyi. Ka sa a jona maka ita a shagon kafin kuɗi ya bar aljihunka.

Kuɗin da ya fi yawa ka zuba shi a ƙofofin gaba. Mutane suna son cika bayan mota da sifiku, sai ka ga direba yana zaune gaba, mawaƙi yana rera masa waƙa ta ƙeya. Ba wanda ke zuwa wurin wasa ya juya wa makaɗi baya.

Maganar rediyo ba ta da tsawo. Ramin dashbod na tsofaffin motoci yawanci ma'auni ɗaya ne, faɗi milimita 180, tsayi 50, kuma kowane rediyo na wannan girman zai shiga. Samu mai Bluetooth da wurin sa filashi, ka huta da kaset ɗin da ke tauna zare da faifan da ke tsalle a kowane rami. Idan fuskarsa tana cirewa, madalla, ka riƙa sa ta a aljihu in za ka shiga kasuwa. Kada ka yarda a yanka dashbod da wuƙa don a cusa allon da ya kusa kai talabijin ɗin falo. Fijo dattijuwa ce, a bar ta da kamalarta.

Yanzu mun iso wurin da nake so ka gyara zama, wato wayarin. A nan ne mota ke samun lafiya ko ta kama wuta, kuma ba da wasa nake faɗin wutar ba. A bayan rediyo akwai wayoyi masu launi. Rawaya tana ɗauko wuta daga batir kullum, ita ke sa rediyo ya tuna tashoshinka. Ja tana samun wuta ne sai an murɗa makulli. Baƙa ta jikin mota ce. Idan aka haɗe ja da rawaya wuri ɗaya aka kai su batir, rediyo zai kwana yana tsotsar wuta, da asuba ka fito kana neman yaran unguwa su tura ka. A motocin Volkswagen da Opel na wancan zamani sau da yawa mazaunin waɗannan biyun a musaye yake, shi ya sa mai Golf zai saita Freedom Radio a 99.5 da daddare, da safe ya tarar rediyon ya manta da shi kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Musanya su kawai ake yi, magana ta ƙare.

Mai wayarin nagari yana cire kan batir kafin ya taɓa komai. Idan ka ga yana fere waya da haƙori, yana murɗa biyu da yatsa, yana naɗewa da ledar burodi, ka ce, "Maigida, Allah ya ba mu alheri," ka ja motarka. Haɗin kirki da dalma ake yinsa ko da maƙalar matsewa, a rufe da salatif na lantarki. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin kujerar wata mota da aka gama yi wa aiki, mai ita yana salati, yaran shago suna watsa ƙasa. Waya ce aka bi da ita ta ramin ƙarfe ba roba, ƙarfen ya yanke ta, kuma ba fiyus a kanta. Fiyus ɗin da zai hana wannan bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. A sa shi kusa da batir, kada nisansa ya wuce kamu ɗaya. Idan ya ƙone, a nemi dalili, a sa irinsa. Wanda ya maye gurbin fiyus da zaren waya ko takardar sigari ya sallami maigadi ne ya bar ƙofa a buɗe.

Kowace sifika tana da ƙafa biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Idan aka juya na ƙofa ɗaya, sai ɗaya tana turo iska ɗaya tana ja, su cinye ƙarfin juna, kiɗa ya fito siriri kamar kunun da aka tsinka. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, taɓa wayoyin biyu a kansa na ɗan lokaci. Idan takardar sifikar ta turo waje, wayar da ke gefen tarawa na batirin ita ce ta tarawa. A yi wa kowace haka.

Na san abin da ke ranka tun ɗazu. Wufa. Kana son wannan dum-dum ɗin da ke sa madubi rawa idan an tsaya a danja. Ba haramun ba ne, amma mu yi lissafi tukuna. Idan inji yana aiki, motarka tana da kusan bolt 14. Amfilifaya mai wat 600 na gaskiya za ta ja amfiya sama da 40 idan an ƙure ta, har da asarar zafi ta doshi 50. Altanetar tsohuwar mota sau da yawa duka-duka 60 zuwa 90 take bayarwa, kuma a ciki fitila za ta ci, fanka za ta ci, esi ma in yana raye zai ci. Shi ya sa za ka ga mota da daddare fitilunta suna lumshe ido daidai da bugun ganga. Wannan altaneta ce ke neman agaji. Wufa ɗaya mai inci 10 da amfilifaya mai wat 200 zuwa 300 ta wadatar da kowace salun, ta kuma bar maka wurin buhun shinkafa a but.

A sa kafinta ya yi wa wufar akwati na katako mai kauri, a toshe kowace kafa da gam, a ɗaure shi da jikin mota don kada ya riƙa yawo duk lokacin da ka taka birki. Wayar wuta ta zama mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha da alminiyom ne a ciki aka shafa mata jan ƙarfe a baya, kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ka san ita ce. Wayar jikin mota ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin a ɗaure ta. A bi da wayar wuta ta gefe ɗaya na motar, wayar sauti ta ɗaya gefen. In ba haka ba za ka samu sabon mawaƙi kyauta, wani siririn kuka da ke tashi duk sanda ka taka totur ya sauka in ka ɗaga ƙafa. Maɓallin da ke jikin amfilifaya kuma ba na ƙure murya ba ne, na daidaita ta da rediyo ne. Kai rediyo kashi uku cikin huɗu, murɗa shi a hankali har sauti ya fara dusashewa, sai ka dawo baya kaɗan ka bar shi nan har abada.

Ranar gwaji kada ka bari yaran gareji su zaɓa maka waƙa, domin za su sa wadda ganga ta rufe komai. Sa Mamman Shata. Idan kana jin kowace kalma tasa, kana rarrabe kalangu da muryar 'yan amshi, aiki ya yi. Sa Ɗanmaraya Jos, ka ji ko tsirkiyar kuntigin tana fita tsaf ko ta nutse. Sa karatun Alƙur'ani, ka ji ko haruffa suna fita daga mafitarsu. Sa labaran rana. Motar da za ka yi tafiyar Kano zuwa Maiduguri a cikinta, murya za ka fi saurare, kuma sautin da ya iya murya zai iya sauran.

Kunnenka kuma ba a sayar da irinsa a Ƙofar Ruwa. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Mota mai wufa da gilasai a rufe tana wuce nan cikin sauƙi. Idan ka sauka kana jin kunnenka yana ƙugi, ya yi maka magana ke nan. Ka bar ƙarar inda za ka ji hon ɗin mai A Daidaita Sahu da jiniyar motar asibiti. In ka zo wucewa ta masallaci, ko asibiti, ko inda aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, hannunka ya riga idonka isa maɓalli. In ka shigo layinku bayan sallar isha, ka tuna akwai jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci.

Saura abu ɗaya. Kunna kiɗan, fito, rufe ƙofa, zagaya bayan motar. Wannan zzzz ɗin da kake ji lambar motarka ce ke karkarwa a jikin but, kuma ita kaɗai mutanen titi suke ji yayin da kai kake ciki kana gyaɗa kai. Kwance ta, liƙa mata soso ko yankin tsohon tib a baya, ka ɗaure ta da noti huɗu.