Kafin Ka Shiga Gwanjon Jitar Makaɗan Hebi Metal

A watan Afrilun 2023 gidan gwanjo na Sotheby's ya sallama wata jitar lantarki a kan dala miliyan 3.9. Ja ce mai ratsin fari da baƙi, ƙirar kamfanin Kramer, wadda marigayi Eddie Van Halen ya riƙe a wani bidiyonsa na 1984. Idan ka karanta wannan kuɗi gabanka bai faɗi ba, to ɗan'uwa, matso kusa, da kai nake. Idan kuma ya faɗi, zauna dai, akwai rabonka a ƙasa.

Farko ka gyara idonka. Duk abin da aka koya maka game da sayen kaya, a wannan kasuwa kifa shi ake yi. Mai sayen mota yana gudun karce, mai sayen jitar shahararren makaɗi karcen yake biya. Inda ƙarfen bel ya cinye fentin bayanta, inda gumi ya dafe wuyanta, inda wutar sigari ta ƙona kanta, nan kuɗin yake. Saboda haka ranar da ta iso gidanka, ka tara iyali ka yi musu jawabi, musamman mai son tsafta a cikinsu. Kada wani ya tashi da asuba da tsumma da man goge katako, don ya faranta maka rai, ya share maka dala dubu ɗari kafin a gama dama koko. Tsohuwar zuma ake magani da ita, ba a yi mata wanka.

Sai maganar shaida, kuma a nan zan daɗe, don a nan ake yanka mutane. Dillali zai rantse maka cewa wane ya taɓa kaɗa wannan jita. To, taɓawa iri-iri ce. Akwai wadda makaɗi ya kwana da ita shekara ashirin yana yawon duniya, akwai kuma wadda aka miƙa masa a ƙofar otal ya rattaba hannu yana hamma. Tsakanin farashinsu akwai tafiyar raƙumi ta wata guda. Ka nemi lambar da kamfani ya buga a kan jitar, ka nemi takarda daga makaɗin ko magadansa ko yaronsa mai ɗaura masa tsirkiya. Sannan ka ɗauko tsofaffin hotunansa a kan dandamali, ka sa tabarau, ka bi zanen jikin katakon layi-layi. Ana iya kwaikwayon fenti, ana iya ƙirƙirar karce da makulli, amma jijiyar itace kamar zanen yatsa take, babu biyu iri ɗaya. Kada ka ce ina tsananta bincike. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jitoci fiye da 3,000 na jabu masu tambarin Gibson da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Masu wannan aiki ba barci suke yi ba.

Ba a cinikin biri a sama, kuma abin daɗi, a wannan harka akwai biri na gaske. Jitar da Tony Iommi na Black Sabbath ya gina sunansa da ita, Gibson SG ja, laƙabinta Biri, saboda hoton biri da aka manna a jikinta. Ta daɗe da komawa hannun gidan abincin Hard Rock Cafe. Amma ko da an fito da ita kasuwa gobe, ka duba hannunka kafin ka duba aljihunka, domin Iommi bahago ne. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, hannun da yake danna tsirkiya da shi. Sai ya narkar da robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya sa tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Wannan sassautawa tana cikin abin da ya ba kiɗan nauyin da aka san shi da shi. Duk wanda zai tara jitocin mutanen nan, ya kamata ya san irin wannan labari, don shi ne ainihin abin da yake saya.

Akwai wadda zan roƙe ka ka cire daga lissafinka tun yau. Jitar Van Halen baƙa mai ratsin rawaya, wadda ta fito a bangon faifan ƙungiyarsa na 1979, tana cikin kabari a Texas. Bayan an harbe Dimebag Darrell na Pantera a kan dandamali a Ohio ranar 8 ga Disamban 2004, Eddie da kansa ya kawo ta aka binne shi da ita, saboda ya san yadda mamacin yake ƙaunarta. Duk dillalin da ya ce maka yana da hanyar samo ta, ka riƙe walat ɗinka da hannu biyu ka nemi ƙofa.

Kada kuma ka raina shagon jingina. A shekarar 2000 jitar Zakk Wylde, ƙirar Les Paul mai zanen da'ira baƙi da fari, ta faɗo daga motar kaya a kan hanya a Texas, ta ɓace shekaru. Ashe tana shagon jingina, wani ya saye ta da araha, da ya gane ko ta wace ce ya mayar wa mai ita. Idan irin wannan sa'a ta faɗo maka, ka yi yadda ya yi. Kayan tsintuwa da na sata ba su da kasuwa a nan, kowa ya san fuskarsu, za ka ƙare kana kallon abinka a ɗaki da ƙofa a kulle kamar mai ɓoyon amarya.

In Allah ya sa ka saya, sauran aiki kaɗan ne amma mai tsada. Gidan gwanjo zai ɗora la'adarsa a kan farashi, ga inshora, ga kuɗin jirgi. Idan tsohuwar Gibson ce ta shekarun 1950, akwai yiwuwar allon wuyanta na wani katakon Barazil ne da yarjejeniyar CITES ta tsaurara cinikinsa tun 1992, don haka sai da takarda za ta tsallake iyaka. A gida kuma tana son iska mai ɗan laima, kusan kashi 50 cikin 100. Busasshiyar iskar hunturu da ke fasa maka leɓe ba za ta ji kunyar katakon dala miliyan ba.

Mai ƙaramin ƙarfi, ga rabonka da na yi alkawari. Kamfanoni irin su Epiphone da Jackson da ESP suna ƙera kwafin jitocin manyan makaɗa da izininsu, a farashin da ba sai ka sayar da gona ba. Ana kuma tara ɗan abin da suke karta tsirkiya da shi, wanda suke watsa wa 'yan kallo a ƙarshen wasa. Ya fi sauƙin ɓoyewa idan uwargida ta fara tambayar ina kuɗin cefane ya shiga.

Wanda nake so ka yi koyi da shi a duk wannan harka shi ne Kirk Hammett na Metallica. A 2014 ya sayi Greeny, Les Paul ta 1959 wadda ta fara suna a hannun Peter Green, ta shafe shekaru fiye da talatin wurin Gary Moore. Ɗaya daga cikin maganaɗisun da ke ɗaukar sautinta a juye yake, shi ya ba ta wata murya mai kama da kukan hanci wadda masana ke ganewa ido a rufe. Wuyanta ya taɓa karyewa an ɗora. Da wannan tsufa da wannan tsada, Hammett bai sa ta a gilashi ba. Yana hawa dandamali da ita a gaban dubban mutane, yana zuba mata nasa gumin a kan na magabatansa. Abin da ke ba ni takaici shi ne jitar da aka ƙera don ta girgiza filin wasa ta ƙare a ɗakin ajiya na banki, shekara goma ba wanda ya ji muryarta.

Don haka ɗan'uwa, ko ta miliyan uku ka samu ko kwafinta, ka saya mata amfilifaya, ka koyi ko da kiɗa ɗaya ne, ka jona ta da wuta. Ka dai sanar da maƙwabta tukuna, kuma ka bari a idar da sallar isha'i.