Yallaɓai Na Mitin

Wai ni kam, yaushe muka koma mutanen mitin ne a Sakkwato? Ka ɗauki fayil ɗinka tun da sanyin safiya, ka hau kabu-kabu daga Mabera ko Runjin Sambo zuwa sakatariya, masinja ya tare ka a bakin ƙofa: "Yallaɓai na mitin." Ka dawo bayan Azahar, ya ce daga wancan ya zarce wani. Kar mu ɗora wa manya laifin su kaɗai, mu ma kanwar ja ce. Na ofis da safe, bita a otal da rana, bayan La'asar kwamitin masallaci, bayan Isha'i na gyaran taransifomar unguwa, Asabar kuma na iyayen yara da malamai. Iyayenmu mata ma ba a bar su a baya ba: na adashi, na Islamiyya, na ankon biki.

Kowa ya san yadda muke yin abinmu. An sa ƙarfe 10, shugaba sai 11:30. A buɗe da addu'a, a gabatar da manyan baƙi kowa da sarautarsa, a karanto bayanin zaman baya, a kwashe rabin awa ana gardama don an rubuta sunan wani ba a sa masa Alhaji ba. Can sai wani dattijo ya ɗaga hannu: "Ranka shi daɗe, ni dai ba ni da abin cewa, amma..." Shi ke nan, minti 20 sun tafi. Daga ƙarshe a kafa ƙaramin kwamitin da zai sa ranar zama na gaba. Taron tsintsiya ba shara.

Ga shi garin namu ba ya wasa da rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40. Bari a ɗauke wuta, ka waiga sahun baya ka sha kallo: wannan ya mai da takardar ajanda mafici, wancan yana gyangyaɗi hula ta karkace, da ya ji tafi sai ya zabura ya taya, bai san abin da aka amince da shi ba. Tun zuwan korona a 2020 kuma Zoom ya ƙaro mana nasa. A da ko ba komai kakan sha iskar hanya tsakanin taro da taro. Yanzu kana kashe wannan kana kunna wancan, kujera ɗaya har yamma.

A 2021 kamfanin Microsoft ya gwada abin a kan mutum 14. Aka sa musu hular da ke auna aikin ƙwaƙwalwa, suka yi mitin 4 na rabin awa-rabin awa a jere, wata rana kuma aka ba su hutun minti 10 a tsakani. Ranar da babu hutu, alamun matsi sai taruwa suke yi daga zama zuwa zama. Ranar hutu kuwa sukan sauka, hankali ya fi tsayawa kan abin da ake faɗa. Da aka kawo labarin a majalisarmu ta bakin mai shayi, wani malami ya kurɓi shayinsa ya ce, "Wanga ai ba sabon abu ba na. Mu da muka gaji ƙailula?"

Gaskiyar Malam. Ga Azahar, ga La'asar, ga ɗan runtsawar tsakar rana, duk muna da su tun kaka da kakanni. Mu ne muka cusa musu ajanda. A wurin alwala ana ci gaba da muhawara. Liman na sallamewa, ƙafa ba ta shiga takalmi ba, an kamo hannunka: "Af, game da maganar nan fa." Furar ma da waya a kunne ake shan ta. Ka iso gida da dare kai na sarawa, wuya ya ƙage, yaro ya ce "Baba sannu da zuwa," ka daka masa tsawa ba gaira ba dalili. Jiki magayi.

Don Allah shugabanninmu na ofis da na unguwa, a fara kan lokaci, a tashi kan lokaci. Abin da saƙon WhatsApp zai isar, kada a tara mutane a kansa. Tsakanin zama da zama a bar mana minti 10 mu sha ruwa, mu miƙe ƙafa, ba waya ba ajanda. Wanda kuma ya ce ba shi da abin cewa, a taimaka masa ya tsaya kan maganarsa.