Masu Faci da Masu Katafila

Na san ku, Gobirawan Sabon Birni da na Isa. Kafin mutum ya gama cewa tsohon layin unguwarku ya gaji, har kun rabu gida biyu. Kawu mai shago yana cewa a zuba tsakuwa a ramukan a yi faci, magana ta ƙare. Samari kuma na cewa a kawo katafila ta kankare komai a soma daga farko. Can gefe ga Baba a kan dakali, bai shiga kowane ɓangare ba, ya ce ai duk surutu ne, babu wanda zai zo. Baba, kai ne na ƙarshe, ka ɗan jira ni.

Masu katafila, ban ga laifinku ba, gado ne. Kakanninku ba su saba ɓata lokaci wajen gyaran tsohon wuri ba. Daga Birnin Lalle aka gangaro, har Sarki Babari ya kafa Alkalawa a ƙasar Zamfarawa a tsakiyar ƙarni na 18. Da birnin ya faɗi a watan Oktoba na 1808, ba a koma aka yaɓe ganuwarsa ba. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. To, amma su da dawakai suka tashi, daji kuma yana nan a buɗe. Ku fa? Gidanku na nan a bakin layin, da zaure da rumfa da dakalin da aka ci hanya aka gina. Ranar da injiniya ya zo da jan fenti ya shafa wa katangarku, a ranar za mu ji ko har yanzu katafila kuke so. Wanda ya fi kowa ihun "a rushe" shi ne zai fara tambayar ina diyya.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya muku ba. Sabuwar hanya tana zuwa da ciko, a zuba jar ƙasa tifa bayan tifa, rola ta daddanne, sannan kwalta. In aka gama sai ka ga titi ya ɗara ƙofar gida tsawo. Ruwan watan Agusta ba ya hawa tudu, zaurenka zai nufa, kuma ginin ƙasa daga gindi yake jiƙa ya zauna.

Kawu, kar ka yi murmushi tukuna, naka na tafe. Facin da kake nufi na san shi: yara su ɗebo ƙasa a baro su cika rami, mai babur ya ba su na goro, ruwan farko ya kwashe ya kai ƙofar maƙwabci. Faci na gaskiya sai an yanke gefen ramin an daidaita shi, an share, an cika, an danne sosai. Shi ma yana da amfani ne kawai in ƙasan titin na da ƙwari. Je ka duba kwaltar da kyau. In rami ɗaya ne nan, ɗaya can, sauran wurin lafiya lau, ka ci gardama, a yi faci. In kuwa ta tsattsage ko'ina kamar ƙasan tafki a bazara, in mota ta taka bayan ruwan sama kana ganin laka na bulbulowa ta tsagar, to abin da ke ƙarƙashi ya ruɓe. Ko buhu nawa ka zuba a sama, baɗi war haka kana nan kana sake tara kuɗi.

Ku duka biyu kuna kallon kwalta, ni kuwa kwata nake kallo. Indararon kowane gida a layin yake zuba, ruwan wanke-wanke ma haka, magudanar da aka yi tun da can ta cika da yashi da leda har an manta tana nan. Titin da ruwa ke kwana a kansa ba ya tsufa da kyau, sabo ne ko tsoho. Don haka ni hukuncina: a fara yashe magudana a nema wa ruwa mafita zuwa fadama, a haƙa rami kamu ɗaya ko biyu a gefen titin a ga abin da ke ciki, a bar damina guda ta wuce. Daga nan layin da kansa zai raba gardamar, kuma ba mamaki rabinsa faci yake so, rabinsa sabon gini.

Yauwa, Baba. Ka ce babu mai zuwa. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora gini da gyaran titunan cikin gari da magudanan ruwa a wuyan ƙaramar hukuma, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ka ga ke nan akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma kansilan mazaɓarku ɗan wani ne a cikinku. Ka sauko daga dakalin, ka ja mai unguwa ku kai takarda. Kafin amsa ta zo, ranar Asabar akwai gayyar yashe kwata, kowa ya zo da shebur ɗinsa, har da masu katafila.