Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Sarkin Tsatsa na Kwangila

 Kada ka tashi, ci gaba da kwanciyarka a ƙarƙashin motar mutane, na san nan ne kaɗai kake samun inuwa da barci. Gaisuwa ce daga Kano, wajen iyayen gidanka, sai kuma 'yar magana a kan wannan abin da kake kira akwatin kayan aiki. Akwati dai, a saninmu, murfi gare shi da yake rufuwa. Naka kuwa sai yaro ɗaya ya hau ya zauna, wani ya zagaye shi da tsohuwar wayar kuloci, sannan ka buga ƙirji ka ce an kulle.

Ka san ni ba na yi maka ƙarya, sai dai ƙari. To ko ƙarin ma yau ba na buƙatarsa. A cikin akwatin nan akwai sufana, akwai filaya, akwai ɓawon rake, akwai cokalin shayi, akwai goron da ya bushe har ya fi noti tauri. Akwai wani fulogi na Peugeot 504 da nake kyautata zaton tun 1975, shekarar da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, yake kwance a wurin yana jiran mai shi. Can ƙasa kuma baƙin mai ya haɗu da ƙurar hunturu sun kwaɓe, sun yi kauri kamar miyar kukar da ta kwana uku a tukunya. Duk wanda ya tura hannu neman sukudireba, sai dai ya yi bisimilla ya rufe ido.

Allah ya sani, hannunka yana da albarka. Mota na shigowa gareji, tun direba bai kashe ta ba ka riga ka faɗi ciwonta da kunne kawai, kuma sau tari haka ɗin ne. Wannan ban taɓa musa maka ba, ko a bayan idonka. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda mutumin da yake jin kukan bawul ɗaya a cikin goma sha shida ya kasa sanin inda ya ajiye sufana lamba 10.

"Kai, ina lamba 10?" Wannan ce waƙarka daga safe har Magariba. Kuma ba ƙaramar sufana ba ce a wajen aiki, domin motocin Japan da suka cika mana titi, su Toyota da Honda, yawancin notinansu 10 ne da 12 da 14 da 17 da 19. Na Turai kuwa, irin su Peugeot da Volkswagen, sun fi son 13. Bakanike da ba shi da waɗannan a jere a gabansa, ai ɗan kallo ne. Kai in ka nema ka rasa, sai ka ce yara sun sace. In yaran suka rantse, sai ka koma kan aljanun bishiyar da kake aiki a ƙarƙashinta. Bayan an gama shari'ar sai ka ɗauko wata tsohuwar sufana ta rabin inci ka ɗora wa noti mai lamba 12. Rabin inci milimita 12.7 ne, Injiniya, ku da kuke taƙama da jami'a tun 1962 ai bai kamata Bakano ya yi maka wannan lissafin ba. Wannan 'yar tazarar ita take sa sufanar ta zame ta cinye kusurwoyin notin ya koma mulmulalle. Sai guduma da cizil su shigo, su ma su gaza, a aika a kira mai walda. Aikin minti goma ya cinye yini, ka dubi mai mota ido cikin ido ka ce masa: "Alhaji, kan notin ne ya mutu, aikin kamfani ne." Kamfanin da yake can Japan bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bari in gaya maka inda lamba 10 ɗinka suke zuwa, kyauta. A cikin injin motocin mutane kake manta su. Ka ɗora a gefen batir, ka rufe bonet, mota ta kama hanya. Wasu sun sauka a Funtuwa, wasu sun wuce Kaduna, masu rabo sun iso Kano. In ka zo Ƙofar Ruwa sayen sabuwa, ka duba da kyau, wataƙila taka ce muke sake sayar maka, kuma ba ragi. Wadda ta maƙale ba ta faɗi ba kuwa, ita ce take yin ƙwal-ƙwal har mai motar ya dawo hankali a tashe, ka leƙa, ka zare ta a ɓoye ka zura a aljihu, ka caje shi kuɗin gyaran ƙara. Ka ce ƙarya nake.

Abin kunyar, a garinku ne Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take, tun 1964, kuma har injiniyoyin gyaran jirgi ake horarwa a can. A sana'ar gyaran jirgi, kowane ƙarfe yana da gurbinsa da aka yanka daidai siffarsa, ana ƙirgawa kafin aiki, ana ƙirgawa bayan aiki. Ɗaya ya ɓata, jirgi ba ya tashi sai an gano shi, saboda sufana a cikin injin jirgi rayuka take ci. Daga garejinka zuwa can ko kuɗin acaɓa ba su taka kara sun karya ba. Iskar wurin ma ta ƙi biyowa ta kanka.

Na san abin da za ka ce: baƙin man nan shi ne yake hana kayanka tsatsa. Wannan fatawa taka ce kai kaɗai. Man da ya gama aiki a inji ɗauke yake da garin ƙarfe da toka da tsami, wani lokaci har da ruwa. Ƙura ta same shi ta manne, sai ya koma abin da yake gurzar haƙoran racet da gaɓar filaya a hankali. Ga santsi: dubi bayan yatsunka, duk tabon nan sufana ce ta kuɓuce ka naushi inji. Likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan zaman baƙin mai a fata yana jawo ciwon fata, har da mai muni. Kai kuwa ka wanke hannu da fetur, ka yarfe, ka kai shi kwanon shinkafa da wake. Ina faɗa ne don ina sonka. In ka mutu wa zan zaga?

Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da iska da laima, ka kuwa tanadar mata duka ukun. Ruwan Zariya ya fi na Kano yawa, wannan kam na sallama muku, a watan Agusta ƙasa ba ta bushewa. Akwatinka yana zaune a kan tsurar ƙasa yana shan danshi ta gindi, da dare ƙarfe ya yi sanyi raɓa ta kwanta masa. Ka kuma jingina shi da tsofaffin batura, tururin ruwan batir yana cin duk abin da ya samu. Kwalbar man birki kuma tana ciki a kwance tana ɗiga, alhali man birki fenti yake kwarewa, kuma ruwa yake zuƙa daga iska.

Maganin ba ya kai kuɗin tsiren da kake ci a dare ɗaya. Ka sami safiyar da aiki ya yi sauƙi, ka shimfiɗa buhu, ka kife akwatin gaba ɗaya. Ka sanar da maƙwabta tukuna, saboda abin da zai fito da gudu. Abin da ya mutu a kai wa 'yan gwangwan, kada ka tsaya yi masa ta'aziyya. Sauran a zuba a kwano da kananzir. Kananzir na ce, ba fetur ba, don mai walda yana gefenka, kuma tururin fetur tartsatsi ɗaya yake jira. A goge da tsohon burushin haƙori. In ba ka taɓa mallaka ba ka ara. Tsatsa mai sauƙi burushin waya ko samfefa mai laushi ya ishe ta. Wadda ta kama sosai, a jiƙa ƙarfen a ruwan tsamiya mai kauri ko na lemun tsami ya kwana, da safe a goge, a ɗauraye, a shanya a rana nan take. Kada ka manta shi a ciki har mako, don tsamin in ya gama da tsatsa kan ƙarfen zai koma. Da ya bushe sai a shafe shi da tsumma mai ɗan sabon man inji. Ɗan kaɗan, bawana, ba wanka za ka yi masa ba. Shi ma akwatin a kankare shi, a wanke, ya bushe, inda fenti ya tashi a shafa wani, a ɗiga mai a maƙallan murfin.

Ga kuma gwangwanin WD-40 da wani ya ba ka tsaraba, kake fesa wa komai, har na ji an ce ranar Juma'a kana ɗan taɓa wa hula. A San Diego ta Amurka aka ƙirƙiro shi a 1953 don kare jikin roka daga tsatsa, aikinsa korar ruwa da sassauta abin da ya cije. Siriri ne, ba ya daɗewa. Bayan ka fesa, sai ka bi da mai na gaske.

Racet ɗinka da take tsallake haƙori ba tsufa ba ne, datti ne da daskararren giris. A buɗe ta, a wanke, a ɗiga mata mai mara kauri; giris mai nauyi shi yake riƙe ɗan harshen da ke ciki ya hana shi kamawa. Sufanar awo kuwa, wadda take yin ƙas in noti ya kai ɗaurinsa, tausayinta nake ji. Da ita kake kwance notin taya, har da zura mata bututu ka hau da ƙafa. Ba a kwance noti da ita, kuma in an gama aiki ana mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta don sifirin ɗin ciki ya huta, in ba haka ba sai ta fara yi maka ƙarya. Kai ka ce hannunka ne ma'auni. Kan injin motocin yanzu na alminiyom ne, in ɗauri ya fi ƙarfi a gefe guda sai ya karkace, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da mai. Nan ma kamfani ne zai sha zagi.

Sukudireba ba cizil ba ce, ba kuma abin juya shayi ko sosa kunne ba. Cizil ɗin da kansa ya baje saboda duka, a kai shi dutsen wasa a gyara, don ɓarɓashin da yake tashi daga nan ido yake nema, kai kuwa idon nan biyu da ƙyar suke isarka. Magagari ba ya son mai, burushin waya yake so da ɗan alli, kuma a raba shi da sauran ƙarafa don kada su dakushe juna. Gudumar da kanta yake rawa, daina jiƙa ta a ruwa: ƙotar za ta kumbura yau, gobe ta bushe ta fi da sakwarkwacewa. A sake ƙota kafin kan ya tashi ya sami gilashin motar wani babban mutum.

In an gama, akwati ya hau kan katako ko tsohuwar taya. A yanka tsohon tib a shimfiɗa a ƙasansa, masu nauyi a ƙasa, na kullum a sama. Noti da washa su koma gwangwanin madara, kowane girma da nasa. 'Yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, a jefa su ciki, ko a ɗaure gawayi a tsumma. Sufanoni kuma ka samo allon katako, ka kafa ƙusoshi, ka zana siffar kowace da fenti daga 8 har 24. Wadda ba ta dawo ba, gurbinta zai tona mata asiri tun daga nesa. Kafin kiran Magariba yaro ɗaya ya ƙirga, kuma kada a rufe bonet ɗin kowa sai allo ya cika. Masu zuwa aro, "Oga, ba ni 14 yanzu zan dawo da ita", a rubuta sunansu a bango da gawayi.

Maganar yaran nan kuma, a nan ba wasa nake ba. Iyayensu sun kawo maka su ne su koyi sana'a, kuma abin da suka ga kana yi shi za su ɗauka su tafi da shi garejinsu. Ka daina kiran ɗan mutane ɓarawo a kan sufanar da take cikin aljihun wandonka. Ka koya musu goge ƙarfe kafin a mayar da shi, wannan ma karatu ne. In ba haka ba nan da shekara goma duk Zazzau ta cika da irinka, mu Kanawa kuma mu rasa inda za mu tsaya in mota ta lalace mana a hanyar Abuja.

Watan cika-ciki yana tafe, ka san kuɗin shara yana kanka kamar kowace shekara, bawa ba ya tsallake ubangidansa. Na bana na yafe maka, ka sayi kananzir da burushi da su. Amma in na biyo ta Kwangila na tarar da wayar kulocin nan tana nan ɗaure, ninki biyu za ka biya, a gaban yaranka. Ka gaishe min da uwargida, ka ce ina yi mata sannu da wankin kayan aikinka, Allah ya ba ta ladan haƙuri. Ina jiran martaninka, kuma don Allah ka wanke hannu kafin ka taɓa takardar.